Gidan Hajiyarmu da ya yi wata biyar babu ɗan haya

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Kwana biyu ina ganin ana ta cacar baki a nan kan tsadar hayar gida a Kano. 'Yan haya suna cewa masu gidaje ba su da imani, masu gidaje suna cewa a je a tambayo kuɗin buhun siminti tukuna, sai kuma duka ɓangarorin su haɗu su rufar wa dillalai. Ni dai ban sa baki ba, don a tsakiya nake. Inda nake zaune da iyalina haya nake biya, kuma ni ne mai kula da gidan hayar mahaifiyata. Idan na zagi mai gida na zagi uwata, idan na zagi ɗan haya na zagi kaina. To amma akwai abin da ya faru da mu a bana wanda nake ganin ya kamata in ba ku labarinsa.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da kuɗin sallamarsa na aiki ya gina gida a Rijiyar Zaki. Ya raba filin biyu. Ɓangare ɗaya Hajiya ce a ciki ita da autarmu, ɗayan kuma ciki biyu da falo ne, da kicin da sito, da ƙofarsa daban. Tun yana raye ya ce wannan na haya ne, saboda wata rana. Watan ranar kuwa ta zo. Da kuɗin hayar nan ake sayen maganin hawan jini da na suga na Hajiya, da shi ake biya wa auta kuɗin makaranta, da shi ake sauke buhun shinkafa da na masara. Mu 'ya'ya muna kawo abin da ya sawwaƙa, amma kowa ya san yadda albashi ya koma. Kuma Hajiya irin matan nan ne da ba sa son miƙa hannu ko ga ɗan da suka haifa.

A watan Disambar bara wanda ke ciki ya tashi. Ba mu rabu da daɗi sosai ba, zan zo kan dalilin. Muka ce ai ba komai, yadda ake neman gida a Kano kamar ruwa a jallo, sati biyu ya yi yawa. Muka ba wa dillalin unguwa mukulli, wani dattijo abokin sahun masallacin mahaifinmu, wanda dama shi yake kawo mana mutane tun farko.

Janairu ta wuce. Fabrairu ta wuce. Azumi ya kama a Maris, muka ce ai ba a tashi a azumi. Aka yi ƙaramar Sallah, shiru. Ni ban ankara da yadda abin ya kai ba sai ranar da na je gaishe da Hajiya na tarar da kwalin maganinta a kan firji. Na ɗauka na duba, na ƙirga ƙwayoyin, na ga lissafi bai fita ba. Ashe rabi take sha, tana ɓalla ƙwaya biyu don ta kai ta ƙarshen wata. Ban ce mata komai ba. Na fito waje na zauna a kan dakali, wallahi sai da na yi hawaye.

A daren na ce wa dillalin ya turo min tallan da yake yaɗawa a zaurukan WhatsApp. Ga abin da ya rubuta, ban rage ban ƙara ba: "Gidan haya a Rijiyar Zaki, ciki biyu da falo, wuri mai kyau, ruwa da wuta ba matsala, ma'aurata kawai, mai buƙata ya kira." Sai hoto uku. Na farko ƙofar gida ce da magariba, ga akuya tana leƙen mai ɗauka. Na biyu falo ne tagogi a rufe, duhu kamar kogo, sai inuwarsa a jikin bango. Na uku kuwa banɗaki ne, da tsohon bokitin fenti da tsintsiya a tsakiya. Babu kuɗi a jiki. Gidan da mahaifina ya tsaya a kansa shekara huɗu yana ƙirga bulo, shi ne wannan.

Auta ce ta ce, Yaya, bari ƙawata ta kira shi kamar mai nema. Aka kira a gabana, aka sa a sifika. Mu dubu 700 muka ce a shekara. Shi kuma dubu 850 ya faɗa mata, ban da la'adarsa kashi 10 cikin 100, ban da dubu biyar kuɗin gani kafin ya motsa babur ɗinsa.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Amma sa'an mahaifina ne, ba zan yi masa rashin kunya ba. Na same shi bayan sallar Isha na ce, Baba, ashe kuɗin gidan nan ya ƙaru ba mu sani ba? Ko a jikinsa. Ya ce, yaro, kai ba ka san ciniki ba. In ka ce bakwai za su taya biyar da rabi, in ka ce takwas da rabi sai a sauka a bakwai, kowa ya ji ya ci riba. Kuɗin gani kuma, ya ce, ka san nawa nake zuba mai a rana? Mutum goma zan zagaya da su, tara yawon buɗe ido suka fito.

Na juya maganarsa, kuma gaskiya ba duka ce ƙarya ba. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, farashin lita na gwamnati bai kai naira 200 ba. Zuwa ƙarshen 2024 sai da ta haura dubu. Dattijon da ke yawo da babur daga Kabuga zuwa Janbulo zuwa Ɗorayi dole ya nemi inda zai fanshe. Sai dai dabararsa ta zamanin da ce, lokacin da mai neman gida zai zo ya zauna a benci a yi ta ja-in-ja har a daidaita. Yanzu mutum yana kwance a ɗakinsa yake duba gida ashirin a waya. Idan ya kira ya ji 850, ba tayawa zai yi ba, cewa zai yi zan sake kira. Shi ma ai man yake ji, ba zai biya kuɗin adaidaita sahu da kuɗin gani don ya je kallon gidan da hotonsa bokiti ne ba.

Na ce masa, Baba, ka ci gaba da naka, ni ma zan gwada nawa. Ya yi dariya ya ce Allah ya ba da sa'a.

Abin da na fara yi ba rubutu ba ne. Na ajiye mota a bakin titi na tako da ƙafa kamar baƙo, na buɗe gidan na shiga da idon wanda zai zuba dubu 700. A nan na ga abin da ido ya saba da shi har ya daina gani. Ragar sauro ta tagar falo ta yage. Famfon kicin yana ɗiga. Yaran wancan mutumin sun mayar da bangon ɗaki allo, har da zanen mota. Hannun ƙofar banɗaki ya fita an ɗaure da waya. Akwai kuma wani ɗan wari da ke tasowa ta bayan gida, ashe murfin sokawe ne ya tsage. Duk cikinsu babu babba, amma in suka taru a idon mai nema, abin da suke gaya masa shi ne masu gidan nan ba sa gyara, in ka shiga kai da Allah.

Ba ni da kuɗin gyaran. Matata ce ta ɗauki adashinta a watan, dubu 120, ta ba ni aro. Da shi na sayi fenti, na kira mai gyaran famfo, aka sake raga, aka zuba sabon murfi. Mai fentin ya so ya zuga ni a yi wa falo ado a silin irin na yayi, wai shi ke jan amare. Na ce a'a. Ado ba ya cika tulu.

Maganar ruwa ita ce inda na fi jin haushin tsohon tallan. Kun tuna Oktoban 2024, lokacin da layukan da ke kawo wa Arewa wuta suka lalace, muka yi fiye da mako guda cikin duhu? A lokacin duk mai rijiyar burtsatse da ke dogaro da wutar gwamnati ya koma bin 'yan garuwa, su ma da ƙyar ake samunsu. Bayan wannan wahalar ƙanina da ke aiki a Abuja ya haɗa wa rijiyar gidan Hajiya sola. Tun daga ranar, in dai rana ta fito tanki zai cika, a kawo wuta ko kar a kawo. A Kanon yau, unguwanni nawa ne famfon gwamnati yake zuwa musu a kai a kai? Wannan shi ne abu mafi daraja a gidan gaba ɗaya, ya fi tayil, ya fi fenti. Amma an dunƙule shi cikin "ruwa ba matsala", kalmar da kowane dillali yake rubuta wa kowane gida, har wanda rabonsa da ruwa tun ranar da aka kwaɓa simintinsa. Kalmar da kowa ke faɗa ai ta daina nufin komai.

Saboda haka muka ce nunawa za mu yi, gani ya kori ji. Ranar Asabar da misalin ƙarfe tara na safe, lokacin rana ta shigo ta tagogin gabas amma ba ta yi zafi ba, muka buɗe ko'ina, aka share aka goge. Auta ce ta riƙe wayar, don ta fi ni iyawa. Ita ta koya min a fara goge gilashin kyamara da gefen mayafi, a kwantar da wayar, a tsaya a kusurwar ɗaki don bango uku su fito. Bayan hotuna muka yi bidiyo guda ɗaya ba yankewa. Daga bakin titi aka taho, aka bi lungu, aka buɗe ƙofa, aka shiga kicin na murɗa famfo ruwa ya zubo, aka shiga banɗaki biyun na murɗa, na sakar wa shawa ruwa, sannan aka ɗaga waya aka nuno tanki da farantan sola a sama. Minti biyu da 'yan daƙiƙu. Ɓangaren Hajiya ba mu nuna ko ƙofarsa ba, kuma ban sa kwatancen gidan dalla-dalla ba, saboda zamani.

Sai na ɗauko tef na auna ɗakunan. Wannan shawarar matata ce, kuma duk wanda ya taɓa aurar da 'ya ko ƙanwa a Kano ya san dalili. Ango zai ga gida ya ce ya yi, sai dangin amarya su zo da kafinta su auna, a tarar gado da wadrob da madubi ba za su zauna ba, magana ta lalace. Gara kowa ya san girman tun daga waya.

Wajen rubutun ne muka samu saɓani da Hajiya.

Lungunmu yana da matsala. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi a Agusta, lambatun bakin titi yakan cika ya dawo da ruwa, ya kwanta a lungun ya kai idon sawu, wani lokaci ya fi. Ba ya shiga gida, don mahaifinmu ya ɗaga dakali sosai, amma yakan yi awa biyu zuwa uku kafin ya janye, kuma ƙaramar mota ba ta shiga a lokacin. Wancan ɗan hayar da rani ya zo, ba wanda ya gaya masa. Damina ta farko ya ga abin da ya gani, tun daga nan ya ɗauka an cuce shi. Shekara biyu muka yi da shi, kuɗin haya sai an yi ta bi, kowace magana sai ya sako lungu. Kuma in za a faɗi gaskiya, yana da hujja.

Na ce zan rubuta wannan a cikin tallan. Hajiya ta dube ni. Kun san ba ta faɗin sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, kai wannan, kanka ɗaya kuwa? Wata biyar muna neman mai shiga, kai kuma za ka hau duniya kana kushe gidan? Ka taɓa jin mai nono ta ce nata ya yi tsami?

Na ce, Hajiya, ai ko ba mu faɗa ba Agusta za ta faɗa. Wanda ya shigo da saninsa ba zai zo yana yi miki hayaniya a ƙofar ɗaki ba. Kuma malamai kullum suna gaya mana ɓoye aibin kaya a ciniki ba halal ba ne, ban ga abin da ya raba haya da ciniki a nan ba.

Ta yi shiru tana jan carbi. Can ta ce, rubuta. Mahaifinku ma da faɗa zai yi, shi ya sa bai tara komai ba.

Ga abin da na wallafa a nan Facebook da kuma WhatsApp, wasunku ma sun gani a lokacin:

"Gidan haya a Rijiyar Zaki, tafiyar minti biyar a ƙafa daga titin Gwarzo. Ciki biyu da falo, kowane ɗaki da banɗakinsa, kicin da sito, tsakar gida mai ɗaukar mota ɗaya. Babban ɗaki ƙafa 14 da 12, ƙaramin 12 da 12. Ruwa na rijiyar burtsatse ne mai aiki da sola, ba a biyan kuɗinsa. Mitar wuta ta kati ce, taku daban, babu tsohon bashi a kanta. Ba a rukunin A layin yake ba, wuta tana zuwa tana tafiya kamar ko'ina. Idan aka yi ruwa mai yawa a Agusta lungun yana tara ruwa na 'yan awanni, ba ya shiga gida. Mai gidan dattijuwa ce, tana zaune a ɓangaren da ke jiki, ƙofa daban. Naira dubu 700 a shekara, babu la'ada, babu kuɗin gani. Ana nunawa Asabar da Lahadi bayan La'asar."

Maganar rukunin A ɗin nan kada ku raina ta. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin wutar 'yan wannan rukunin ya haura naira 200 kowane yunit, mutane suka rabu biyu. Mai firji da injin ɗinki yana neman layin, mai ƙaramin albashi yana gudunsa. Kusan duk wanda ya kira sai ya sake tambaya don ya tabbatar. Haka maganar mita. Wanda ya taɓa zama gidan da ake raba kuɗin wuta da maƙwabta, ana ƙirga wa juna ƙwan fitila da dutsen guga, ya san darajar mitarka kai kaɗai.

Abu ɗaya na cire daga tsohon tallan ban gaya wa Hajiya ba: "ma'aurata kawai". Ba zan yi muku ƙaryar cewa wani babban tunani ne ya sa ba. Kawai na ga layin yana rage min masu kira, ni kuma a matse nake.

Cikin kwana tara mutum sama da 40 suka yi magana. A ƙarƙashin rubutun kuma na sha zagi daidai gwargwado. Wani ya ce dubu 700 a ciki biyu, ku ji tsoron Allah. Ban mayar masa ba, don na yi lissafin da ya yi. Mafi ƙarancin albashi a jihar Kano dubu 71 ne. Wato mai wannan albashin sai ya haɗa na kusan wata goma, bai ci ba bai sha ba, kafin ya biya hayar gidanmu. Wannan gaskiya ce. Gaskiya ce kuma cewa buhun siminti ya haura dubu goma a farkon 2024, kuma maganin Hajiya ya ninka ya sake ninkawa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ɗan haya da ƙaramin mai gida suna ta cin kwalar juna, waɗanda suka jefa su a ramin kuma ko sunan unguwar ba su sani ba. Ban ce babu azzaluman masu gidaje ba, akwai su, na zauna a gidan ɗaya. Amma da yawa daga gidajen hayar Kano na marayu ne da zawarawa da 'yan fansho.

Mutum bakwai ne suka zo gani. Abin da na lura, babu wanda ya zo ya yi mamakin komai, don duk sun riga sun gani a waya. Ba wanda ya taya ƙasa da kuɗin ma, sai mutum ɗaya. A ƙarshe magana ta tsaya kan biyu.

Na farko saurayi ne ɗan kasuwa, bikinsa bayan Babbar Sallah. Ya zo da ƙannen mahaifiyar amarya, suka zagaya, suka yaba. Ya ce zai biya shekara biyu a dunƙule, miliyan ɗaya da dubu 400, gobe in mun so.

Ta biyu mace ce, za ta yi shekara 40, ma'aikaciyar jinya. Da yayanta ta zo, da yara uku a bayan mota. Ba ta kalli fenti ba. Famfo ta murɗa, ta leƙa sito, ta tambayi nisan makarantar Islamiyya. Da muka fito tsakar gida ta ce, Malam, na ga kun faɗi maganar ruwan lungu, shi ya sa na ce to sauran abin da kuka rubuta ma gaskiya ne. Sai ta ɗan yi jim, ta ce, amma ban ga kun sa ma'aurata kawai ba. Mantuwa ce, ko da gangan ne? In mantuwa ce ka gaya min tun yanzu, kada in sa rai.

Aurenta ya mutu shekara guda da ta wuce. Tana zaune da yaran a ɗaki ɗaya a gidan yayan nata. Gida shida ta gani, kowanne ta biya kuɗin gani, kowanne sai an kai ƙarshe a ce ina maigidan, daga nan a ce za a neme ta. Kuma ta faɗa min kai tsaye, dubu 500 ce a hannunta, cikon 200 sai ƙarshen Satumba.

Zan faɗi abin da ba ya min daɗin faɗa. Ni angon nake so. Miliyan ɗaya da dubu 400 a hannu, in biya matata adashinta, in saya wa Hajiya maganin wata shida, in huta. Na shiga wajen Hajiya na zayyana mata duka biyun, ina ɗan karkata harshe wajen angon. Dillalin ma da labari ya kai masa sai ga shi, ya zauna daga bakin ƙofa ya ce, Hajiya, ba a ba mace mai zaman kanta gida. Ba don komai ba, gobe wane ya shigo, jibi wane ya fita, unguwa ta ɗauka. Kuma in kuɗi ya maƙale, wa za a kama?

Hajiya ta ce ta ji, a bar ta ta kwana da maganar. Ta kuma tambaye ni wa ya ce in cire wancan layin. Na sunkuyar da kai.

Washegari bayan La'asar ta sa aka kira mata matar. Suka shiga ɗaki su biyu, sun fi awa guda. Ban san me suka tattauna ba, har yau ba ta gaya min ba. Da matar ta tafi ta kira ni ta ce, kai wannan, ni ina da miji ne? Na ce a'a Hajiya. Ta ce, to ashe da mahaifinku bai bar min rufin nan ba, ni ma haka za a riƙa yawo da ni ana karɓar min dubu biyar biyar ana cewa ina maigidan? Ka je ka yi binciken da za ka yi wa kowa. In ba a samu komai ba, ita za a ba.

Na yi binciken. Na je unguwar yayanta na ga mai unguwa da limamin masallacinsu, na tabbatar da wurin aikinta. Kowa alheri ya faɗa. Na kira angon na ba shi haƙuri, bai ji daɗi ba, kuma ban ga laifinsa ba. Aka rubuta yarjejeniya, kuɗi da wa'adin ciko da wanda gyaran me ke kansa, har maganar lungun sai da na sa aka rubuta. Yayanta ya sa hannu a matsayin shaida. Shaidarmu kuwa dillalin ne, Hajiya ce ta ce lallai shi za a kira, kuma ta sa na ba shi dubu 20 a ambulan duk da ba shi ya kawo ta ba. Ta ce abokin mahaifinku ne, ba a yar da tsohuwar tabarma don an ga sabuwa. Ya karɓa ya yi addu'a. Kwana uku bayan nan ya turo min hoton wani gida a Tudun Yola ya ce, yaro, ko ƙanwar nan taka za ta zo ta ɗaukar min irin bidiyon nan?

Na rubuta mata rasit, kuma ina ba duk ɗan haya shawara ya riƙa karɓa. Sabuwar dokar haraji da aka sa wa hannu a Yunin 2025, wadda aka tsayar da Janairun 2026 a matsayin lokacin fara aikinta, ta ce za a cire wa mutum kashi 20 cikin 100 na hayar da yake biya a shekara, iyaka dubu 500, daga kuɗin da ake lissafa masa haraji a kai. Wanda ba shi da takarda a hannu ban ga da me zai kafa hujja ba.

Sati ɗaya bayan Babbar Sallah suka tare. Agusta ta zo, aka yi wani ruwa da daddare kamar da bakin ƙwarya. Na kwana ina juyi, ina jiran kiran da na saba samu daga wancan mutumin. Da safe sai ga saƙo daga auta. Bidiyo ne, yaran matar su biyu sun naɗe wando suna jera bulo a lungu don uwarsu ta taka ta fita aiki, Hajiya kuma tana tsaye a kan dakali da lema tana ba da umarni, tana cewa a matso da wancan. Yanzu ita ce ke auna wa Hajiya jini duk ranar Juma'a, kuma ita ta kama ta da maganar ɓalla ƙwaya, ta yi mata faɗan da ni ban isa in yi ba.

Matata har yanzu tana bina dubu 50 cikin adashinta, takan tuna min cikin wasa, irin wasan da ba wasa ba. Cikon dubu 200 ɗin kuma ƙarshen watan nan ne wa'adinsa, saura kwana 11. Jiya na ce wa Hajiya ko in ɗan tura mata saƙo don ta shirya. Ta ce in na kuskura in ga yadda za mu yi.